Direba Ɗan Direba

Shekara ashirin da shida
Arzika, ubana, na jan Fijo daga tashar Illela.
Ni ko ga ni a Runjin Sambo, ƙarfe biyun dare,
janareta na tari bayan ɗaki,
ina rubuta abin da masu kwamfuta ke kira direba.
Ran da ya ji sunan, dariya ya yi har fura ta ƙware shi.

Ga aikin:
saƙo ya zo, ɗan ƙulli, bai kai ƙwayar gero ba,
ya hau layi.
In na buga wa katin sadarwa ƙararrawa don shi kaɗai,
ya tafi nan take,
amma kowane bugu kuɗin mai ne;
na'ura ta wuni tana buɗe ƙofa, tana rufewa,
ba ta kai komai ko'ina ba.
In ko na ce sai an cika talatin da biyu,
na farkon zuwa ya tsufa a kujera.
Can wani wuri muryar wata ta yanke
tsakanin “ina” da “kwana”.

Na san fuskar wanga na farko.
Na gan shi ina yaro, ya kama gefen taga tun hantsi,
buhun albasa tsakanin ƙafafu,
yana ƙirga kujeru da ido,
Nomau ɗan kamasho na ta ihun “saura mutum ɗaya!”
alhali saura huɗu.

Baba na da doka:
a cika, ko a kira azahar,
wanda ya riga, shi ke tada mota.
Sau ɗaya tak na ga ya karya ta,
ran da wata mata ta zo da yaro a kafaɗa,
ƙafarsa ɗaure da tsumma, sarar kububuwa.
Bai dubi Nomau ba. Ya murza makulli.
Ran nan tuwo munka ci ba nama.

To, na rubuta azahar tawa:
kashi hamsin cikin miliyan na daƙiƙa.
Na rubuta: in babu kowa a bayanka, wuce.
Na bar ƙofa ga mai tsumma a ƙafa,
ko da yake ƙulli ba ya kuka,
sai dai tambarin da anka liƙa mishi,
kuma tambari kan yi ƙarya kamar Nomau.

Na gwada. Layin jadawali ya ɗaga nan, ya faɗi can.
Na mai da hamsin arba'in.
Janareta ya mutu.