Gurbi Na Uku

Sun ba ni jika biyar a yini,
da hula marar tambari,
da takarda mai gurbi uku:
Mai Tsani, Mai Fitila,
na ukun, wanda bai yanke ba tukuna.

A Yamai, ɗakin da sanyin inji ke sa mura,
Illiyasu ya manna taswira a bango.
Inda suke da ƙarfi ya shafa alli,
inda ba su da shi ya ja layi ya manta.
Tawa kuwa, ya kewaye ta sau uku
har alƙalami ya huda takarda.
Ya ce nan ne ma'auni ke rawa,
tiya guda ta hatsi za ta karkata shi.
"Kai ɗan can ne. Je ka auno mana."

Na sauka ran Lahadi, kasuwa ta cika.
Nomau mai albasa ya dubi takalmina
kafin ya dubi fuskata.
"Wa ya aiko ka?"
Na ce ba kowa.
Ya yi dariya har buhu ya zame masa:
"Ba kowa bai biyan kuɗin mota.
Rubuta ina tare da wanda ya aiko ka."
Na duba, babu gurbin wannan.

Mahauci ya ce Tsani, yaronsa ya ce Fitila,
da suka haɗa ido sai suka yi musaya.
Telan Bilbis bai ɗaga kai ba,
rigunan duka biyun jibge a gabansa,
ya ce, "Zare ɗaya nike sa masu.
Ka dawo in sun biya."
Wani tsoho ya zaɓi mutumin da ya rasu tuntuni,
ya ce shi kaɗai ne bai ƙara yi masa ƙarya ba.

Da magariba na isa gida.
Zanen Mai Tsani ya zama labulen ƙofa,
kumatunsa na kumbura in iska ta taso.
Na Mai Fitila an tace koko da shi
har ido ɗaya ya koɗe.

Na ce, Inna, aiki nake, ki amsa:
in gobe ne zaɓe, wa za ki ba?
Ta ce, "Wanke hannu, tuwo na hucewa."
Na sake tambaya da muryar da aka koya mana.
Ta nuna bayan danga da ludayi,
dutsen da aka aza na rijiya wancan zaɓe,
har yau dutse ne, awaki ke hawa.
"Ƙuri'a ƙullin bakin zane ce, Mantau,
ba a kwance ta gaban baƙo."
Na ce ni ne baƙon?
Ta ce, "Mai takarda ai baƙo ne,
ko ni na goya shi."

Dare ya raba, waya ta yi ƙara.
Na karanta: arba'in da ɗaya, arba'in,
sha tara suna gurbi na uku.
Na ji kujera ta ja baya a Yamai.
"Sha taran nan, me suke so?
Sukari? Kwalta? Mu turo makaɗa?
Mu karkato ayarin daga Doso jibi?"
Na so in ce sun yanke tun kafin shuka,
kai ne ba su gaya wa ba.
Sai na ce, a turo sukarin.

Takarda ɗaya ta rage a jaka,
kuma sai an cika ake biya.
Na zauna gindin labule,
Mai Tsani na shafa mini ƙeya,
na rubuta: namiji, ashirin da bakwai,
sana'a, tambaya.
Alƙalami ya daɗe a sama
kamar shirwa bisa gidan da ba kaji,
sannan ya sauka
inda na sa Inna.