Cokali Ɗaya a Alappuzha

Shekara arba'in da ɗaya ina yi wa Ittoop girki,
ban taɓa auna citta ba.
Tafin hannuna shi ne muduna.
Haka uwata Annakutty ta bar mini:
tafarnuwa ƙwara bakwai,
kurkur har sai miya ta ari launin zinariya,
ƙananan kifayen nan masu maiƙo da yake kawowa da asuba,
tukunyar ƙasa, madarar kwakwa.
Takan ce, "Jinin da ya ci wannan ba ya zama hira a hanya,
wucewa yake kamar ruwan damina."

Sai ran nan, a tsakiyar tafki,
ya dafe ƙirji,
kwale-kwale ya yi ta juyi shi kaɗai.

Kwana tara a asibitin Kottayam.
Muka dawo da tabo mai tsawon ɗani
da wata ƙwaya, ko shinkafa ta fi ta girma,
wai aikinta tsinka jini.

Na ce a raina, ai biyu ta fi ɗaya.
Na ninka citta.
Na jefa kirfa a shayinsa, safe da dare.
Tafarnuwa ɗanya, yana haɗiya yana harara ta.

Ranar Talata yana ɗinkin taru a inuwar ayaba,
ƙugiya ta ɗan lashi babban yatsansa,
irin ciwon da a da ko kallo bai ishe shi ba.
Jini ya ƙi tsayawa.
Tsumma ɗaya, tsumma biyu,
har bakin zanena.

Likita Sreelekha ba ta yi faɗa ba.
Ta naɗe yatsan, ta dube ni ta saman tabarau:
"Ki yi ta girkinki, Mama,
amma ki bar shi a girki.
Kogi biyu in sun haɗu, gaɓa ke shan wuya."

Yanzu akwai ƙaramin cokali rataye kusa da murhu.
Hannuna yana jin kunyarsa.
Ittoop yakan kurɓi miya ya ce,
"Thresia, yau ma miyarki tsoro take ji."
Ba na tanka masa.

Da dare, in ruwa ya fara dukan rufi
shi kuma ya yi nisa,
nakan kara kunne daidai tabon,
in saurari mai tuƙin nan na ciki
yana sa filafili a ruwa,
yana ɗagawa,
ba gaggawa,
yana sake sawa.