Ƙofar Gaba

Fam goma sha biyu ne kuɗin shiga,
yara rabi, karnuka su tsaya a lambu.
Ni ce Maud, mai riƙe da makullai.
Ƙarfe goma nake buɗe gidan Fenwold,
ko ruwa ya tsagaita, ko yana zuba.

Kakata Edda shekara arba'in ta yi a nan,
ƙafarta ba ta taɓa taka ƙofar gaba ba.
Ta baya take shiga, ta wajen rumbun kwal,
tun duhu bai yaye ba, yatsu a daskare,
ta durƙusa tana dirzar matakala
har gwiwoyinta suka yi kanta.

Yau ta gaba nake shigo da baƙi.
A kula da jar igiya, kar a taɓa labule.
Ga masu gida jere a bango,
kowa da takobinsa, kowa da karensa,
hanci iri ɗaya tun ƙarni huɗu.
Edda ba ta da hoto.
Sai dai dutsen nan na uku da ya lotsa a tsakiya,
shi nake nuna wa wanda ya iya kallon ƙasa.

A lungun 'yan aiki akwai ƙararrawa sha huɗu,
kowace da sunan ɗakinta.
Wata yarinya ta ja ni a riga:
"In ta kaɗa, wa yake zuwa?"
Na ce, yanzu kam ba kowa.
Ban gaya mata ba, in iska ta taɓa wayar,
har yau bayana miƙewa yake.

Ran Asabar biki.
Farin tanti a kan ciyawa, kujera ɗari da sittin,
amarya 'yar mai gyaran famfo daga Leeds,
tana dariya, rigarta na sharar matakalar Edda.
Tsoho Aubrey, jikan na cikin hoton ƙarshe,
yana can ƙofa cikin rigar ruwa rawaya
yana nuna wa motoci wurin tsayawa.
Wani ya miƙa masa fam biyu. Ya karɓa.
Bokiti bakwai ke tarar ɗigo a bene na sama,
biki guda, in ji shi, ya toshe rami biyu.

Duniya rawar 'yan mata,
na gaba ya koma baya.
Ban yi masa dariya ba. Shayi na kai masa.

Tsakar dare kiɗa ya mutu.
Muka tsince kofuna a gindin itatuwa,
da takalmi wari ɗaya, da furen da aka taka.
Ƙofar gaba daga ciki ake sa mata sakata,
don haka ni da shi ta baya muke fita,
ta wajen rumbun kwal,
yana haska min hanya da tocila,
yana cewa, a hankali, Maud, wurin da santsi.