Shaida Ta Bakwai

Nafi'u, kafin ka karɓi makullin ofishin nan,
buɗe aljihun tebur na ƙasa, wanda ke cijewa.
Ja da ƙarfi. Ba kuɗi ba ne.
Haƙorin inji ne, tsatsa ta ci gefensa,
da 'yar takarda a wuyansa: shaida ta bakwai.

Shekara talatin da huɗu ina taka matakalar kotun Gyaɗi-Gyaɗi,
baƙar riga a kafaɗa, hular gashi na dafa mini kai.
Na yi shari'a a kan tsuntsun jikin atamfa,
'yan Kwari biyu, kowa na rantsuwa shi ya ba shi fiffike.
Na yi a kan harafi ɗaya a kwalin sabulu,
harafin ya cinye shekara shida da gida guda a Hotoro.
Na raba 'yan uwa uku da suka haɗa jari a Singa
babu rubutu, wai ai ciki ɗaya suka fito.
Ranar hukunci kowa da ƙofar da ya bi.

Fuskokinsu duk sun goge.
Ta Ilu ce ta ƙi.

Ilu mai walda ne a Dakata,
wutar ƙarfe ta mai da idonsa gauta.
Damina huɗu yana fama da injin ɓarar gyaɗa
kafin ya dace da haƙorin da ke cire ɓawo
bai taɓa ƙwaya ba.
Zanensa kaf a bayan buhun siminti yake, da gawayi.
Wani kamfani a Sharaɗa ya sayi guda,
ya kwance, ya auna, ya tura Abuja,
takarda ta dawo da jan hatimi da sunan kamfani.
Sai ga sammaci a ƙofar shago:
wai Ilu na ƙera abin da ba nasa ba.

Kana jiran in ce ni na tsaya masa.
A'a, yaro. Ni ne lauyan Sharaɗa.

Na ɗaga buhun da yatsa biyu,
na ce, "Ina kwanan wata a jikin wannan?"
Ya ce, "Shekarar da aka yaye Ummita ce."
Aka yi dariya har bencin baya.
Na ce, "Wa ya ga ka zana?"
Ya ce, "Allah, sai yaron shagona."
Yaron yana Fatakwal, ba wanda ya san titinsu.
Alƙali ya sunkuya. Biro ba ya jin ƙaurin walda.

Na yi nasara. Da kuɗin na sayi motar farko.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A waje ya tare ni gindin darbejiya.
Na gyara kunne don zagi.
Ya ce, "Lauya, ka gaya musu,
haƙori na uku ya yi kauri.
In gyaɗa ta bushe sosai niƙe ta zai yi,
kuma matan ƙauye ne za su yi asara.
A rage shi kamar kaurin farce."
Ya hau kekensa.

Na gaya musu.
Suka rage.
Suka yi wa ragin rajista, shi ma.

Ban zama waliyyi daga ranar ba, kada ka ɗauka.
Na ci gaba da cin shari'a, na ci gaba da cin tuwo.
Sai dai da aka rufe fayil na roƙi magatakarda ƙarfen nan,
kuma duk daren da zan rubuta jawabin ƙarshe
nakan ɗora shi kan takardun, don kada fanka ta kwashe.
Haka nake gaya wa masu tambaya.

Littattafan naka ne, har na saman da gara ta fara.
Rigar ma ɗauka, ta yi mini nauyi.
Amma in wata rana mutum ya tsaya a bakin ƙofa
da jan ido, da buhun siminti a naɗe a hammata,
yana neman inda zai cire takalmi,
kada ka tambaye shi nawa ya zo da shi.
Ba shi kujera.
Warware buhun a hankali,
ka fara rubuta kwanan wata.