Ɗan Kamasho a Tashar Jega

Ban yi boko ba, kaya ke gaya mini.
Wannan da doguwar rula ta leƙo daga jakarsa
kwalejin fasaha za shi, Birnin Kebbi.
Waccan ta riƙe farar riga cikin leda
kamar ƙwai ta ɗauko:
makarantar lafiya, nan kusa.
'Yan Argungu, ƙurar alli a gwiwar hannu,
kullum sai in rage musu,
tun kafin albashi sun fara karatun haƙuri.
Ɗan jami'ar Aliero kuwa
da Turanci yake neman canji,
ƙafarsa bisa buhun albasa.

Takardar Shafa'atu na aljihuna tun Litinin,
gumi ya fara cin gefenta.
Ta ce: Baba, wacce zan cike?
Na ce: bari dai mota ta cika.