Buje Don Sanyin da Ban Taɓa Ji Ba

Zuwera ta kawo takardar bayan la'asar,
ta karanta da Faransanci, ta juya mini da Hausa:
Setif, Aljeriya, karatun haɗa magani, shekara biyar.
Wai can ruwan sama kan daskare tun yana hanya,
ya sauko fari fat kamar garin rogo.
Na ce to. Me zan ce?
Ni sanyin Tawa na sani,
wata biyu, garwashi a kasko, man kaɗe a kaushi,
kafin azahar an tuɓe rigar sama.

Na zaga kasuwa, ba ulu.
Illa mai gwanjo ya zazzage dila uku,
ya ce Hajiya, nan zafi muke saye da sayarwa.
Sai na tuna da adaka.
Kwat ɗin babanta, ruwan toka,
wanda ya zo da shi daga bida a Sabha,
bai sa shi ba har ya koma ga Mai shi.
Yakan ce ko jaki aka yafa wa sai ya roƙi inuwa.

Kwana biyu ina farke shi da reza,
ɗinkin wani tela da ban san sunansa ba.
Hannunsa ya fi nawa natsuwa, na yarda.
Cikin shafi na tsinci ƙwallon dabino
da tikitin motar da rubutunsa ya goge.
Na ajiye su bakin taga.

Takardar buhun siminti na shimfiɗa a tabarma.
Ƙugu saba'in da biyu, tsawo har idon sawu,
falle shida, kowane tsukakke a sama,
ya buɗe ƙasa kamar jinkar rumbu.
Ta ce Inna, matse shi, haka ake yayi.
Na ce mai tafiya nesa ba a yi mata dabaibayi.

Ulu ba atamfa ba ne.
Yana da kwanciya irin ta gashin akuya,
in ka shafa a baibai sai ya ɓata fuska.
Alli ya ƙi kama shi, na zana da guntun sabulu.
Gaba da baya suka ba ni falle biyar,
na shida ya ƙi fita.
Na zauna, shayi ya huce.
Can na buɗe hannayen kwat ɗin biyu, na haɗa su,
na ce ku za ku zauna ta baya,
inda iska ke fara dukan mutum.

Keke ya karya allura biyu yana gunaguni.
Na ɗora jiƙaƙƙen tsumma, na bi da dutsen guga,
shago ya cika da warin ragon da ruwa ya doka.
Na rataye bujen a ƙusa kwana biyu,
don ƙyalle sai ya gama sauke abin da ke ransa
kafin a yi masa kalmasa.

Ranar gwaji, watan tara, rana tsaka,
ta juya a tsakar gida, bujen ya baje,
kaji suka watse,
gumi na zuba, tana dariya: Inna, zan narke!
Na bar rarar yatsa biyu a kowane ɗinki,
ko ƙasar ta karɓe ta.
Cikin ƙugu na ɓoye ɗan aljihu,
jika goma, da ƙwallon dabinon nan.
Ban faɗa mata ba.

Yanzu sanyinmu ya shigo Bilbis.
Wuyan kwat ɗin kaɗai ya rage,
shi nake yafawa da asuba in na hau keke.
Jiya ta turo hoto: ƙasa fari, sama fari,
ita tsaye a tsakiya, ruwan toka.
Na ja hoton da yatsu har ya cika waya.
Gefen hagu ya sauka da yatsa ɗaya.
Ba wanda zai lura.
Ni na gani.