Makullai Goma Sha Ɗaya

Makullai goma sha ɗaya ke rataye a ƙuguna,
ko ɗaya ba ya buɗe ɗakin da yake nawa.
Shekara tara ina gadin wani gida a Ikoyi.
Na san kukan kowace ƙofa,
na san famfon da ke ɗiga, da karen da ciwon kunnensa.
In mai gidan ya dawo daga tafiya
ba ya tambayar ko na ji daɗin inuwar mangwaronsa,
littafin man janareto yake buɗewa.

A majami'armu ta Obalende kuwa,
kusa da gada, inda danfo ke amsa mana waƙa da ham,
dattawa suka ƙara mini na goma sha biyu:
"Habila, kai ne ma'aji."

Mu biyu muke ƙirga baiko in an tashi sujada,
ni da Dattijo Filibus.
Yau zazzaɓi ya kwantar da shi.
Daga ni sai kwando, sai fankar da ta gaji da juyi.

Kuɗin baiko suna da wari, in ba ka sani ba.
Wannan fetur da gumi, ta kwandasta ce.
Wannan albasa ta biyo ta tun daga Mil Sha Biyu.
Wannan sabuwa fil, ba ta taɓa kwana a haɓar zane ba.

Sai waya ta girgiza. Saraya, daga Billiri:
"Baban Ƙauna, ruwa ya zauna,
masara ta soma rawaya,
buhun taki ya kai kuɗin akuya biyu."

Na dubi tarin. Tarin ya dube ni.
Wata murya mai ladabi ta matso kusa da kunnena:
ai ba sata ba ce, rance ne,
ƙarshen wata ka mayar.
Wa ya ƙirga? Wa ya gani?
Har yatsuna sun ware dubu ashirin gefe guda,
kamar ba ni na aike su ba.

A nan ta faɗo, 'yar ɗari biyu,
yagaggiya, an ɗinke ta da salatif,
an rubuta lambar wani da jan biro a kusurwa.
Na san ta.
Ran Alhamis ta bar aljihuna,
na miƙa wa Rifkatu, gwauruwar da ke gasa masara a bakin tasha.
Ga ta yau tana warin gawayi.
Kafin ni tana hannun wani,
bayan ni ta kwana uku wurin mai 'ya'ya huɗu,
ba ta zama gishiri ba, ba ta zama sabulu ba,
ta tako da ƙafarta ta zo gidan Mai ita.

Ya Ubangiji, ashe duk gadi muke yi.
Albashina ma, da gonar Billiri,
da numfashin da nake ja da tsakar dare a bakin ƙofar wani.

Na tura dubu ashirin ɗin cikin 'yan'uwansu.
Na rubuta jimla yadda take, har da naira hamsin ta ƙarshe,
na kai wa Filibus ya sa hannu a kan tabarmar jinya.
Na ce masa, "Baba, masarata tana rawaya."
Faɗin haka ya fi mini nauyi
fiye da ɗaukar da na so yi a ɓoye.
Ya ce zai gaya wa dattawa ran Laraba.
Bai yi alkawarin komai ba.

Na hau danfo, yayyafi na dukan gilashi.
Har yanzu ban san me zan ce wa Saraya ba.
Ƙarfe shida na karɓi aiki,
makullai suna ƙara a ƙuguna,
na buɗe ƙofa, motar wani ta shiga,
na rufe.